Ranar da Ruwan Shuka Ya Same Mu a Ɗakin Taro

Shekara tara na yi ina sakataren ƙungiyar ma'aikata a ƙaramar hukumarmu, can tsakanin Funtua da Malumfashi. In aka ce in faɗi aikin da na fi yi a shekarun nan, to zama ne. Zama a benci a ƙofar ofishin daraktan ma'aikata, zama a kujerar roba a ɗakin taro ana jiran shugaban ƙaramar hukuma, wanda aka ce ya taso daga Katsina tun hantsi amma har la'asar bai iso ba. Har yau in na daɗe a zaune sai ƙuguna ya tuna mini da ƙungiya.

Asalin aikina duba-gari ne. Masu sharar kasuwa da tasha da kwata duk a hannuna suke, kuma yawancinsu na wucin gadi ne. Ba takardar ɗauka, ba fayil, ba fansho, sai ɗan abin da ake miƙa musu in wata ya ƙare, shi ma in an tuna. A cikinsu akwai wata mata da kowa ke kira Iya, ita ke share layin 'yan hatsi. Mijinta ne mai aikin, da ya rasu ta ɗauki tsintsiyarsa ta ci gaba, ba wanda ya ce mata kanzil. Ba wata tsohuwa ba ce can, rana da sunkuyo ne suka tsufar da ita. Sai dai a takardar shekarunta saura mata shekara ɗaya ta wuce iyakar da ake ɗaukar mutum aiki. In ba ta shiga a wannan karo ba, ta fita ke nan har abada.

Buƙatu uku muka rubuta a shekarar. A saka wa waɗanda aka yi wa ƙarin girma ƙarinsu a albashi, a dawo da kuɗin hutu, sannan a mayar da masu shara ma'aikatan dindindin. Ta ukun ni na dage a kanta. Na yi ta faɗa a taron reshe har muryata ta dushe, don wasu cewa suke yi kada mu cika kaya a ƙi ɗauka. Da aka amince, da ƙafata na je kasuwa na sami Iya.

"Iya, bana kam in Allah ya so kin shiga. Ba za mu sa hannu a komai ba sai da ku."

Ta jingine tsintsiya ta yi ta sa mini albarka, har 'yan hatsi suka fara tsokanata wai na samo mai yi mini addu'a kyauta.

Tun cikin rani muka fara zama da hukuma. Yau a ce darakta ya tafi bita, gobe a ce an yi rasuwa a gidan ma'aji, jibi a zauna a yi addu'ar buɗewa, a gaisa, a tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, a karanta abin da aka tattauna wancan karo, sai ga kiran azahar. Darakta mutum ne mai sanyin murya, bai taɓa ɗaga mana ita ba. Wallahi da zagina ya riƙa yi da na fi samun sauƙi, ko ba komai zan san inda zan sa fushina. Haka muka cinye watannin zafi muna fifita da takardunmu.

Akwai abin da wanda ba ɗan yankin ba ba zai gane ba. A wurinmu ma'aikacin ƙaramar hukuma manomi ne da ke leƙa ofis. Albashi ba ya kai kowa ƙarshen wata, masarar da ke rumbu ita ke riƙe da gida. Mu bakwai da ke wakiltar ma'aikata, ba wanda ba shi da gona, ba kuma wanda bai riga ya ajiye irinsa da takinsa a ɗaki yana duban gabas ba. Ko da gangan aka ja mu har zuwa lokacin, ko sakaci ne irin na kullum, ban sani ba. Na gaji da tunanin ma.

Ranar zaman ƙarshe, ma'aikata sun amsa kira. Harabar sakatariya ta cika da babura, mutane suka yi cincirindo a gindin itatuwa, wai ba mai tafiya sai an biya duka ukun. Na leƙa ta taga na ji ƙarfi a jikina. Shugaban reshenmu ma, wanda a kullum magana yake kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta, ran nan har teburi ya buga.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya gari ya haɗe. Iska ta fara buga tagogi, can sai ruwa ya kece. Ba yayyafin yaudara ba, ruwa ne na gaske, irin wanda ke ratsa ƙasa har ƙasa. Ƙarar kwano ta hana mu jin juna, muka koma kallon waje. Ƙanshin ƙasa ya shigo ɗakin, na ga ma'ajin ƙungiyarmu ya lumshe ido yana shaƙa. Ba wanda ya furta, amma kowa ya san ruwan shuka ne.

Kafin ya gama ɗaukewa wayoyi sun fara kuka. A waje kuwa sai ƙarar tayar da babura. Ban ga laifinsu ba, har yanzu ma ban gani ba. Wanda ya bari laimar farko ta wuce shi, shi da iyalinsa za su ji a jikinsu har kaka. Cikin abin da bai fi rabin sa'a ba harabar ta koma kamar ranar Lahadi, sai awaki biyu a bakin baranda.

Darakta ya gyara tabarau.

"To, Alhamdulillahi, Allah ya sa mai albarka ne. Ta farko da ta biyu mai girma shugaba ya amince, yanzu ma sai a sa hannu. Ta uku ce ke son natsuwa. Sai an kira masu sharar ɗaya bayan ɗaya, a duba shekarun kowa, a ga wanda ya cancanta. Ni a shirye nake. Yau har magariba ina nan, gobe ina nan, jibi ma haka. In kuma kun ga a miƙa wa kwamiti, ya rage naku."

Shi tarakta ke masa aiki, yana da mai kula da gonakinsa. Kwana uku a kujera ba za su rage masa ko zangarniya ɗaya ba.

Wayata ta yi ƙara. Mai shanun huɗa ne, wanda na kama layi a wurinsa tun kafin azumi.

"Malam, ga ni a bakin gonarka. In kana tafe in jira, in ba ka tafe in wuce ta Alhaji. Amma ka san in na wuce sai layi ya zagayo."

Na ce ya ba ni minti kaɗan. Da na ɗago kai, duk 'yan'uwana shida ni suke kallo.

"Ranka ya daɗe," na ce wa shugabanmu, "mun fa yi wa mutanen nan alkawari."

Ma'ajinmu ya karɓe. "Haba Sakatare, kwamiti ai ba ƙi ba ne. A kama biyun nan tukuna."

Na so a ce na yi gardama. Ban yi ba. Sau ɗaya na faɗa, shi ma da muryar mai fatan a ƙi saurarensa. Ni ke riƙe da biro, ni na rubuta cewa an miƙa batun masu shara ga kwamiti, ni na sa hannu na biyu bayan shugaban reshe. Ko addu'ar rufewa ban tsaya an shafa ba. Na hau babur ina ratsa taɓo, na tarar da mai shanu yana shirin juyawa. Muka yi huɗa, muka yi shuka har rana ta faɗi. Masarar ta yi kyau a shekarar, ban taɓa samun irinta ba, kuma ban ji daɗinta ba.

Ranar Litinin ina ofis sai ga Iya. Ta sha wanka, ta ɗaura atamfar da ban taɓa gani a jikinta ba. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, sannan ta kwance bakin mayafi ta fito da 'yar ambulan.

"Malam, na ji an ce an sa hannu. An ce masu buɗe fayil hoto huɗu suke nema, shi ne na je Funtua aka ɗauke ni."

Na karɓa na buɗe. Ga ta nan sau huɗu, ta ƙame, ta zuba wa mai hoto ido kamar za a yi mata allura. Ina da amsoshi iri-iri da na koya a bakin darakta, kowace za ta sallame ta cikin mutunci. Na kasa ɗaukar ko ɗaya.

"Iya, an sa hannu, amma ba kya ciki. Ba hana mu aka yi ba. Mu muka tashi muka bar ku."

Na jira ta yi kuka ko ta yi mini Allah ya isa, da ko wanne ta yi da na samu sauƙi.

"Ranar da aka yi ruwan nan ne?"

"Ranar ce."

Ta gyaɗa kai. "Ai dole, Malam. Kuna da iyali." Ta miƙo hannu. "Ba ni guda ɗaya in kai wa jikokina, ba su taɓa ganina a hoto ba. Ukun ka riƙe, in an zauna sai in ciko."

Kwamitin bai zauna ba sai bayan shekara biyu. Da aka zo kan sunanta, magatakarda ya duba shekarunta ya ja layi, kuma ni aka ba takardar in kai kasuwa in karanta musu sunayen waɗanda suka shiga.