Sulaimanu Mai Dafa Roba Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan sallar la'asar, Allah Ya karɓi ran Sulaimanu Garba na unguwar Yalwa a nan Garwa, yana da shekara sittin da huɗu. Ɗan kawuna ne, taubashina, don haka kada mai karatu ya ga laifina in dariya ta kuɓuce mini cikin hawaye. Shi ya koya mini.

Sulaimanu, ka fara da facin taya a bakin babbar kasuwa, sai wata rana ka rantse robar da ake kawo mana ba a yi ta don zafin Garwa ba. Ka soma sayo ɗanyar roba daga Duwala, irin wadda ake haɗawa da sinadaran man fetur. Ka ce mini roba kamar tuwo take, ita kaɗai ba ta ciyuwa sai da mahaɗi. Farar wuta ke sa ta tsayu, garin gawayi ke ba ta ƙarfi, mai ke sa ta laushi. Gwargwadon kowanne kuwa, ƙafafuna aka ɗora wa binciken, domin takalma ka soma yi da ita, ni kuma ka naɗa mai gwada su ba tare da shawarata ba.

Na farko ka cika masa alli. Ina tsakiyar gaisuwa a gidan surukaina ya ɓare gida biyu kamar ƙuli-ƙuli. Na biyu ka yi masa rowar farar wuta. Cikin watan Afrilu, da tsakar rana, ina tsallaka kwalta takalmin ya manne, na ƙarasa tsallakawa shi bai ƙarasa ba. Na zo maka ina huci, ka dubi tafin ƙafata ka ce, "Hashimu, da ƙarfe nawa ya narke? Ina so in rubuta." Na uku ka zuba masa man angurya har ya yi ƙamshi. Na cire shi a ƙofar masallaci, kafin liman ya sallame akuyar ladan ta cinye na dama. Ka ce wannan shaida ce babu guba a haɗinka.

Duk unguwa mun ɗauka wasa kake, har shekarar da Madam Berthe ta zo daga Poli, wata manomiyar albasa mai shugabantar ƙungiyar mata. Zoben robar da ke hana injin ban ruwansu yoyo ya tsage, na kasuwa kuma ba ya kwana goma. Albasar gidaje ashirin ta fara kwanciya. Ka rufe rumfarka, ka tafi Lagdo ka ɗebo buntun shinkafa, ka ƙone shi ya zama farar toka, ka tankaɗe sau uku, ka cuɗa da robar. Kwana shida kana dafawa a tukwanen matarka kana zubarwa, ran na bakwai ka hau mota da zobba goma a aljihu. Injin ya yi aiki har aka tone albasa. Ta kawo maka buhu biyu, ka raba wa maƙwabta, ni ka ba ni guda uku ka ce sauran hakkin akuya ne.

Ranar sadakar uku Madam Berthe ta zo da mata takwas. Ta durƙusa gaban matarka ta ce, "Hajiya Kaltumi, zoben Baba yana nan a injin, shekara biyar ke nan." Kaltumi ta share ido ta ce, "To ku riƙe shi da kyau, 'yata. Tukwanena bakwai suka tafi a kansa, har da ta aurena." Zaman makoki ya kaure da dariya, daga nan muka koma kuka gaba ɗaya.

Allah Ya jiƙanka, Sulaimanu, Ya yafe kurakuranka, Ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka shayar da gonakin mutanen da ba ka haɗa komai da su ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kaltumi, da 'yarka Nafisatu, da dukan dangi na Garwa da Gider. Ni kuwa na yafe maka, taubashi, ƙafar dama da ta hagu. Allah Ya kyautata namu zuwan.