Ɗayyabu Maliki, Daraktan da Ya Koma Ɗan Koyo

Allah ne Ya ba mu aronka, kuma Shi ne Ya karɓi abinSa. Ranar Talata, 13 ga Agusta, 2024, da hantsi, ina zaune a ƙofar gidana a Kurmin Mashi, 'yarka Umaima ta kira ni a waya. Ta ce, "Baba Rabi'u, Baba ya cika." Abin da ta iya faɗa ke nan. Alhaji Ɗayyabu Maliki, tsohon darakta a wata ma'aikata ta jihar nan, kafinta a Unguwar Kanawa, aminina tun muna ƙananan ma'aikata, ya rasu a gidansa da ke Malali bayan 'yar gajeriyar jinya.

Wani zai ga na jera darakta da kafinta ya ɗauka kuskure na yi. Da gangan na jera su, kuma da kai za a tambaya, Ɗayyabu, na san na biyun za ka ce a fara ambata.

A ofis kowa ya shaide ka. Matan da mazajensu suka rasu a bakin aiki sun san ƙofarka, domin kai ba ka tura su wajen masinja. Da kanka kake ɗaukar takardunsu ka hau bene, ka tsaya a kan mai sa hannu har sai ya ji kunya. Amma wannan jarumin, in ya koma gida ƙwan lantarki ya mutu, sai ya zauna a duhu har matarsa Hajiya Kaltume ta dawo daga unguwa ta canja. Na sha tsokanarka a kan haka, amsarka kullum ɗaya ce: "Hannuna na biro ne." Tun kana firamare wani malami ya ɗaga 'yar kujerar karan da ka haɗa a darasin aikin hannu, ya ce hannunka ba na sana'a ba ne, ajin ya kwashe da dariya. Daga ranar ka yanke wa kanka hukunci, ka riƙe shi har furfura ta cim maka. Ba wanda ya hana ka komai, kai ka hana kanka. Duk da haka ba mu taɓa wuce shagon kafinta ba ka rage tafiya kana shaƙar ƙamshin katako ba.

Abin da ya girgiza ka shi ne ziyarar da muka kai wa tsohon shugabanmu bayan ya yi ritaya. Muka same shi a falo da rana tsaka, ya ci ado kamar zai fita, alhali ba inda za shi. A mota, da muka kusa gida, ka ce, "Rabi'u, in aka ɗauke mini teburin nan, me ya rage?" Na ce fansho da jikoki. Ba ka yi dariya ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya ka tafi Unguwar Kanawa, shagon Malam Yakubu kafinta, wanda a haife ka haife shi, ka ce koyon aiki ka zo. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ya goge maka benci, ya aika a sayo lemo, yana ta "ranka ya daɗe." A sana'arsu ɗan koyo da shara yake farawa, da ɗauko wannan miƙo wancan, in ya ɓata katako a yi masa tas. To, wa zai yi wa darakta tas? Duk abin da ka yanka, ko ya karkace kamar ƙafar kare, Yakubu sai ya ce, "Ya yi kyau, Alhaji." Kai kuma ka dawo kana ba ni labari, fuska fal murna, wai ashe kana da baiwa.

Da babbar Sallah ta zo, ka gayyace ni cin nama, ka fito da kujerar da ka ƙera, ka ajiye ta a tsakiyar falo gaban surukanka, ka ce ni zan fara zama. Ni ba dogo ba ne, amma Allah Ya hore mini jiki. Ina zama na ji ƙas, sai ga ni a ƙasa, hula a gabas, kwanon nama a yamma. Kowa ya yi dariya har da ni, domin abin dariya ne. Kai kaɗai ne ba ka yi ba. Da ka rako ni bakin mota ka ce, "Ashe malamin nan gaskiya ya faɗa." Raina ya ɓaci ƙwarai da na ji haka, domin na ga dattijo mai jikoki ya koma yaron da aka yi wa dariya a aji.

Ka daina zuwa shago. Da Yakubu ya ga shiru ta yi yawa, ya zo gida gaishe ka, ya durƙusa ya faɗi abin da ya ɓoye. Ashe duk ranar da ka tafi, sai ya warware aikinka ya sake haɗawa, don kada ka ji kunya. Kujerar nan ce kaɗai ka ɗauke kafin ya kai gare ta. Girmamawa ce ta sa shi, irin wadda aka rene mu da ita, amma ita ce ta bar ka wata da watanni ba ka koyi komai ba.

A nan ne ka burge ni, Ɗayyabu, fiye da ranar da aka ba ka darakta. Wani da ya ji haka zuciya zai yi, ya ce an mayar da shi abin wasa. Kai washegari ka ajiye babbar riga, ka sa tsohuwar taguwa, ka riga kowa isa shago, ka ɗauki tsintsiya ka share dusar katako tun daga ciki har bakin titi, mutanen da suka san ka a ofis suna wucewa suna kallo. Da Yakubu ya iso ya nemi karɓe tsintsiyar, ka hana.

Ka ce, "Daga yau kai ne maigida. In na ɓata, ka ce na ɓata."

Ya ce, "Haba Alhaji, ai kai uba ne."

Ka ce, "Uba ne, amma ban iya ba. In ka ƙara ce mini ya yi kyau, ban yafe ba."

Shi ma sai da ya sha fama da kansa. Ba zan manta ranar da ka kira ni cike da murna ba: "Rabi'u, yau an yi mini faɗa! Ya ce wannan aikin banza ne, in warware!" Ban taɓa jin mutum ya yi farin ciki da faɗa haka ba. Daga nan hannunka ya fara faɗawa, zarto ya daina guje wa layi. Da ka yi ritaya kullum kana shago. Bencin da tsofaffin layinku ke zama a kai aikinka ne, haka ƙofar wata gwauruwa da ke bayan gidanku, wadda ka gyara ba ka bari ta san wanda ya yi ba sai daga baya.

Da lokacin yaye ya yi, Yakubu ya ce ka zaɓi aiki guda da za ka yi kai kaɗai daga farko har ƙarshe, kamar yadda kowane ɗan koyo ke yi. Ka ce makara za ka ƙera wa masallacin unguwarku, domin tsohuwar tana girgiɗi, gefenta kuma yana cin kafaɗar masu ɗauka. Hajiya Kaltume ta ce, "Baban Umaima, duk kayan duniya ka rasa abin ƙerawa sai makara?" Ka ce kujera wani ya zauna wani bai zauna ba, wannan kuwa kowa zai hau. Ka samo katakon maɗaci mai kyau, ka kira ni ka gwada mariƙin a kafaɗata, ka yi ta goge shi har ya yi sumul. Sannan ka ce tunda ni na karya kujera, ni zan kwanta a gwada. Na ce ko kusa. Buhunan masara aka ɗora. Ranar yayen aka yi addu'a, aka raba goro, Yakubu ya miƙa maka zarto da guduma a gaban jama'a, ka karɓa da hannu biyu kana hawaye.

Makarar ta kai mutane da dama makwancinsu kafin kai. Ranar Talatar nan, bayan la'asar, aka ɗora ka a kanta. An yi ruwa, hanya duk taɓo, jama'a kuma sun yi yawa, ma'aikata da 'yan kasuwa da kafintocin Unguwar Kanawa, kowa na son ya sa kafaɗa. Ana karɓa ana sakewa, ana zamewa ana gyara tsayuwa, amma ko ƙara ba ta yi ba. Da na karɓi gefena, mariƙin ya zauna mini daidai inda ka gwada. A nan kuka ya ƙwace mini.

Bayan an rufe ka, jama'a sun fara watsewa, na hangi Yakubu tsugune a gefen makarar yana shafa mahaɗanta ɗaya bayan ɗaya. Na matsa kusa da shi. Ya ɗago, idonsa jajur, ya ce, "Baba Rabi'u, wallahi wannan ko ƙusa ɗaya ban taɓa masa ba. Aikinsa ne shi kaɗai."

Ka ji, Ɗayyabu. Maigidanka ya shaida, kuma wannan karon ba kara ya yi maka ba.

Allah Ya gafarta maka, Ya yi maka rahama, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi. Duk kafaɗar da ta ɗauki makarar nan ba ta ji ciwo ba, Allah Ya kai ladan gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kaltume, da Umaima da 'yan'uwanta, da jikoki, da dukkan dangi, da Malam Yakubu wanda ya rasa uba kuma ya rasa ɗan koyo. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Mu kuma da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani ranar da za a ɗora mu a kan aikin hannunka.