Masarar Aljihun Yaya Ishaya

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai yayana Malam Ishaya makwancinsa a bayan ƙauyenmu, tsakanin Malumfashi da Danja, ana tsakiyar cirar auduga. Duk shekara idan ranar ta zagayo, nakan je in share kabarin, in gaida matarsa Saratu, in hau mota in koma Funtua bakina alaikum. Bana shirun ya ƙi. Danginmu sun yi abin da ya sa na gode wa Allah da Yaya bai gani ba, sannan na ji haushin ba ya nan balle ya wanke su tas.

Malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a Malumfashi, ni kuwa na ƙare ƙuruciyata a kamfanin gurzar auduga. Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Bakinsa kaifi gare shi, yana da jin kai, kuma abin da ya tsana a duniya shi ne jahilin da ke magana da ƙarfi. Ga shi Allah ya ajiye shi a gidan da irin waɗannan suka fi kaji yawa.

'Ya'ya huɗu Saratu ta haifa masa. Uku na farko, Rahila da Yohanna da Talatu, sikila ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kai shekara goma. Na huɗun, Luka, ya zo lafiya lau, ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi kwana biyu. A gidanmu, kamar gidajen manoma da yawa, an yarda cewa namiji shi ne iri, mace gona ce kawai. Yaro ya ci jarrabawa, a ce irin gida ne. Yarinya ta yi kyau, a ce ta ɗauko gwaggonta. Amma da yaran Yaya suka fara mutuwa, sai ilimin gidan ya yi juyin waina, aka ce gonar ce ba ta da kyau. Matan gida suka daina ba Saratu jarirai ta ɗauka. Ni ma ina wurin, ina ji, ban taɓa buɗe baki ba, kuma har yau wannan na ci mini rai.

Yaya bai san yana ɗauke da abin ba sai bayan rasuwar Yohanna, lokacin Talatu tana goye. Suka je asibiti aka gwada su, takardarsa ta fito AS, ta Saratu ma AS. Ranar da ya dawo ya ɗauko mazarin Inna da zare a naɗe, ya zaunar da mu a tsakar gida kamar 'yan aji. Ya ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai zare siriri da ake kira DNA, an naɗe shi curi-curi kamar wannan na jikin mazarin. Kowane curi sunansa kuromosom. Arba'in da shida ne, ashirin da uku daga uba, ashirin da uku daga uwa, babu wanda ya fi wani zubawa. A jikin zaren akwai rubutu da harufa huɗu kacal, A da T da C da G, suna ta maimaituwa, kuma wannan rubutun ne ke faɗa wa jiki yadda zai gina kansa. A curi na goma sha ɗaya, in ji shi, harafi ɗaya tak ne ya canza, shi ne S ɗin. Yaro ba ya kamuwa sai ya samu daga ɓangare biyu.

Da ya ga idanu sun yi zuru, sai ya shiga rumbu ya ɗebo masara. Ya sa fara ɗaya da ja ɗaya a aljihun dama, ya ce wannan shi ne. Ya sa fara ɗaya da ja ɗaya a na hagu, ya ce wannan Saratu ce. Fara lafiya, ja sikila. Ya rufe ido yana zaro ƙwaya ɗaya daga kowane aljihu, ya nuna mana, ya mayar, ya sake. Wani lokaci ja da ja, wani lokaci ja da fara, wani lokaci fara da fara. Ya ce kowace haihuwa sabon zaro ne, aljihu ba ya tuna abin da ya bayar jiya. Sannan ya dubi matan ya ce rabin abin da ya kashe yaransa daga jikinsa ya fito, wato daga gidan nan, wanda zai zagi Saratu ya fara da kakanninsa. Aka watse ana cewa boko ya taɓa masa kai. Daga ranar har ya rasu masara ba ta rabu da aljihunsa ba, Saratu takan tsince ta kafin ta yi wanki.

Da zai leƙo yau, da farko zai yi murna, don kalmar da ya yi shekaru yana dasawa ba ta tsiro ba yanzu ta cika gari. A tashar Funtua ɗan acaɓa zai gaya maka DNA. A teburin mai shayi akwai farfesoshinta, kowa da wayarsa a hannu. Sai dai murnar ba za ta kai minti biyar ba. Tambayi ɗaya daga cikinsu kuromosom nawa ne a jikinsa, ya hau sosa ƙeya. Abu ɗaya suka ɗauka daga ilimin nan gaba ɗaya: ana iya amfani da shi a kunyata mace. Masana sun ƙarar da rayuwarsu suna neman dalilin ciwo, mutanenmu sun karɓa sun mai da shi sabon salon gulma.

Kuma ka ji abin da ya wuce su! Yaya ya ji a rediyo an karanta rubutun jikin ɗan Adam, harufa wajen biliyan uku, ya yi mako yana zancen, burinsa ya ga injin da ke wannan karatun da ido. Bai gani ba. Luka ne ya gani, don aikin gwaje-gwajen asibiti ya karanta, kuma a ɗakin gwaji yake aiki yanzu. Ya yi mini bayani irin na babansa. Ya ce zaren ya yi tsawon da ba a iya karanta shi a tafi ɗaya, don haka sai a tatso shi daga jini ko miyau, a yayyanka shi gutsi-gutsi, inji ya karanta harufan kowane gutsure. Da yake kwafi ne da yawa aka yanka a wurare daban-daban, ƙarshen wannan gutsuren yakan yi daidai da farkon wancan, kwamfuta ta bi ta harhaɗa su har rubutun ya koma cikakke. Daga nan a jera shi da na sauran mutane a ga inda harafi ya bambanta. Ina saurarensa ina jin muryar Yaya, har da yadda yake cewa “ka gane?” tun bai gama magana ba.

Wannan Lukan ne ya tashi aure bana. Cocinmu yanzu ba ya ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin sikila, wanda abu ne mai kyau, kuma Yaya yana cikin waɗanda suka yi ta kiran a yi hakan ana yi musu dariya. Takardar Luka ta fito AA. Maimakon a yi godiya, sai ta faɗa hannun Ɗanladi, ɗan baffanmu, dattijon coci, wanda tun rasuwar Yaya idonsa ke kan fadamar da kakanmu ya bari, wadda rabon Yaya a cikinta ya zama na Luka. Ɗanladi ya sa tabarau ya yi nazari, ya gano abin da duk likitocin duniya suka kasa ganowa. Uba AS, uwa AS, ɗa AA, to ina S ɗin ya tafi? Ga kuma 'yan'uwansa uku duk sun mutu, shi kaɗai ya tsaya da ƙafarsa. Kafin Lahadi ta zagayo maganar ta kai gidan iyayen yarinyar da zai aura a Malumfashi, suka aiko cewa a dakata tukuna.

Aka kira zaman dangi bayan an tashi sujada, a gindin mangwaron ƙofar gida. Ɗanladi ya gyara babbar riga ya ce shi ba da mugun nufi ba, zamani ne ya zo da ilimi, a yi wa yaro DNA kowa ya huta. Ya faɗi kalmar ya fi sau goma, yana jan ta kamar sunan jikansa.

Luka bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da masara huɗu, ya yi zaron nan a gabansu har fara da fara suka fito, ya ajiye su a kan tabarma.

“Baba, ga inda S ɗin ya tafi,” ya ce. “Yana nan a aljihu, ni dai ban zaro shi ba. Amma tunda gwaji kuke so, na zo da kayan aiki.”

Ya fito da ambulan uku, kowanne da tsinke mai auduga a kai, irin wanda ake goga wa a cikin kumatu a ɗebi miyau. Ya ce babansa yana ƙasa, ba za a tone shi ba. Amma akwai kuromosom ɗaya da ake kira Y, namiji kaɗai ke da shi, kuma daga uba yake zuwa ga ɗa kusan ba canji. Wanda kakanmu ya ba 'ya'yansa maza shi ne a jikin duk namijin gidan nan. Ya rubuta sunansa a ambulan ɗaya, nawa, ni da yake kira Baffa, a na biyu, na Ɗanladi a na uku.

“In ni ɗan gidan nan ne, nawa zai yi daidai da na Baffa da naku. Duk wanda nasa ya fita daban a cikinmu mu uku, takarda za ta nuna.”

Na karɓi nawa. Ɗanladi ya dubi nasa kamar an miƙo masa kunama.

“Ni kuma me ya kawo ni ciki? Ni ake tuhuma? Wato uwata za ku zaga, tana kabari?”

Bari in faɗa a fili, mahaifiyar Ɗanladi mace ce ta gari, ta goya ni, kuma ba na shakkar abin da takarda za ta nuna. Shi ma na tabbata ba ya shakka. Abin da ya faru kawai shi ne an ɗora masa na minti ɗaya kayan da ya ɗora wa matar wani ba tare da ya ji komai ba, sai ga gumi har cikin hula. Mutumin da ya gama yi mana wa'azin zamani ya koma cewa waɗannan abubuwan Turawa ba a san me suke yi da miyau ba.

A nan Saratu ta yi magana, ita da ban taɓa jin muryarta a zaman dangi ba.

“Shekara da shekaru kuna cewa jinina ne ya kashe masa yara uku. Na haɗiye. Yau ɗaya ya rayu, kun ce ba jininsa ba ne. To na mutuwa nawa ne, na rayuwa na wani? Luka, mai da tsinkenka. Ni na haife ka, ba takardar da za ta gaya mini ubanka.”

Dattawan da suka zo kallon a tozarta ta suka hau neman takalmansu. Ba a yi gwajin ba, an ɗaura auren bayan wata biyu, Luka ya shuka masara a fadamarsa. Ba kuma wanda ya je ya ba Saratu haƙuri. Ni na je, a makare da shekara ashirin da wani abu, ta ce in bar shi ya wuce, ta kawo mini ruwa.

Nakan auna abin da ya rage na Yaya. Littattafansa gara ta ci rabi. Ɗaliban da ya koyar sun watsu, dangin da ya yi ta fama da su sun koyi kalmar sun bar ma'anar. Abin da na tabbata ya rage shi ne curi ashirin da uku a jikin Luka, da wani abin da ba a zare yake ba, wanda yaron ya koya da ido yana ƙarami: idan jahili ya ɗaga murya, ka sa hannu a aljihu. Wannan ya ishi mutum ya bari a duniya.

Ambulan na ukun kuwa Ɗanladi ya bar shi a kan tabarma, ni na ɗauka. Yana nan a durowata a Funtua, ba a buɗe ba, da sunansa a jiki da rubutun Luka. Na ji an ce har yanzu yakan taɓa maganar a bayan ido idan an zauna. Yaya Ɗanladi, na san kana karanta jaridar nan, kuma ka san gidana.