Matar da Ta Dafa Aikinta

A gida Auta ake ce mata, ko da yake furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. A cibiyar binciken cututtukan dabbobi, inda ta kama aiki tun tana budurwa, Malama ce. Masu gonakin kaji kuwa suna da sunan da suka laƙa mata: Tsoma-ƙafa. Ba ta taɓa shiga gonar kowa ba sai ta tsaya a bakin ƙofa ta tambayi ina bahon ruwan maganin da ake tsoma takalmi. In babu, ta buɗe bayan mota ta ɗauko nata, ta zuba, ta tsoma, sannan ta sa mai gonar ya tsoma kafin ya shiga gonarsa ta kansa. Wani ya taɓa ce mata, "Malama, ke ko ɗaurin aure kika je sai kin sa ango ya tsoma ƙafa." Ta ce, "In yana kiwon kaji, ai shi ne na farko."

Kaji ne suka yi mata karatu. Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, yayanta ya bar makaranta ya kafa akurki a bayan gida da 'yan tsaki kaɗan. Daga nan ya kai ga sayen fili a bayan gari, ya gina dogayen ɗakunan kaji masu rufin kwano da ragar waya. Duk littafin da ta riƙe, ƙwai ne ya saya. Shi ya sa ko bayan ta yi aure ta haihu, in ya kira ta da rana tsaka ya ce wata kaza tana tari, sai ta ajiye abin da take yi ta saurare shi kamar wani babban manomi ne ya kira daga nesa.

Aikinta a ɗaki ne mai ƙofa biyu. A tsakanin ƙofofin ake cire takalmi da mayafi, a sa farar riga, da takunkumi, da safar hannu. A ciki akwai akwatin gilas mai zuƙe iska, wanda take zura hannuwanta a ciki in za ta buɗe samfur, don kada ƙwayar cuta ta fito ta bi numfashin mutum. A gefe ga firiza mai sanyin da ke ƙona yatsa, ga kuma babbar tukunyar ƙarfe da ake turara duk abin da aka taɓa, har sai komai ya mutu kafin a fitar da shi. Ita ba mai yawan magana ba ce a wurin aiki. Abin da aka fi saninta da shi shi ne in ta ga mutum ya sosa hanci da safa a hannunsa, sai ta nuna masa ƙofa ba tare da ta ɗaga murya ba.

Abin da ya daɗe yana damunta, ita da shugaban sashensu da kowa ke kira Dakta, shi ne yadda murar tsuntsaye ke tsallake gonaki. Za ta faɗa gonar wannan, ta bar maƙwabcinsa, ta ɓullo a wata gona can nesa wadda ba rijiyarsu ɗaya ba, ba ma'aikatansu ɗaya ba. Me ya haɗa su? Malama ta zargi kiret ɗin ƙwai na kwali. Dillali zai ɗauki ƙwai a nan, ya sauke a kasuwa, ya kwaso kiret ɗin da kashin kaji a jikinsu ya kai wata gonar. Zargi ne kawai, kuma da zargi ba a hana mutum sana'arsa.

Dakta ya yi ta rubutu yana aikawa har wata ƙungiya mai ba da tallafin bincike ta amsa. Aka kawo sabon janareto, aka gyara mota, aka cika kabad da sinadaran gwaji. An raba aikin gida biyu. Da farko a gano inda ƙwayar ke laɓewa. Bayan haka a gwada abubuwan da ƙaramin manomi zai iya: shanya kiret a rana, barbaɗa farar ƙasa, ajiye su a gefe na wani lokaci, a ga wanne ne yake kashe ta, wanne ne kuma ɓata lokaci.

A wannan zamanin ne Malama ta fi kowane lokaci walwala. Ta zagaya gonaki tana goga auduga a jikin kiret, da tayar mota, da ƙasan takalmin dillalai. Wasu suka kore ta, wasu suka ba ta kujera. Dillalin da ke ɗaukar ƙwan yayanta, wani ƙaton mutum mai dariya kamar ana buga ganga, yakan miƙa mata ƙafarsa ya ce, "Ga ta nan, Malama, in kin samu zinariya a raba da ni." Ta cika firiza da 'yan kwalabe, kowace da lambarta. Rabin farko ya kammala, kuma alamu sun nuna ba ta yi kuskure ba.

Ana shirin shiga rabi na biyu Dakta ya tara su a ofishinsa ya ce masu tallafin sun janye. Ba don an yi laifi ba, hankalinsu ne ya koma wani fannin. Ya ce kada kowa ya karaya, zai nemi gwamnati ta ƙarasa. Ya yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan da jakarsa a hammata. Kowa ya yaba aikin. Kowa ya ce a jira kasafi mai zuwa.

Wutar lantarki a unguwar cibiyar ba ta da amana, janareto kuma ba ya cin yabo. Ma'aikata suka yi karo-karo suka sayi mai har suka gaji. Matatar iskar akwatin gilas ta wuce wa'adinta, babu wanda zai canza ta. Ran nan Malama ta shigo da safe ta tarar da ruwa yana ɗiga daga ƙasan firiza, mai shara kuma tana tsugune tana goge shi da tsumma, hannunta babu safa.

Dakta ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Malama, kin san dokar."

"Na sani."

"Ba za mu ajiye cuta mai rai a inda ba za mu iya tsare ta ba. In ta fita daga ɗakin nan, mu ne muka kai wa mutane."

"A nemi wata cibiyar ta karɓa mana, ranka ya daɗe."

"Na nema. Ɗaukarta zuwa can ma sai da kuɗi, da izini, da mota mai sanyi." Ya cire tabarau ya murza idanunsa. "In ba za ki iya ba, ni zan yi."

Ta ce ita ta tara samfuran, ita za ta kashe su. Ta sa mai shara ta wanke hannu har gwiwa, ta rufe ƙofofin biyu, ta fito da kwalaben jere-jere ta zuba su a jakunkuna ta loda a tukunya. Tana ɗaukar kowace tana tuna gonar da ta fito. Ta ɗaure murfin ta kunna da ragowar man da ke cikin janareto. Tukunyar ta yi ta huci har azahar. Da ta koma gida mijinta, wanda malamin firamare ne, ya tambaye ta yaya aiki. Ta ce, "Yau girki na yi."

Ba a daɗe ba cutar ta sake ɓulla a yankin. Yayanta ya zo gidanta da kansa, abin da ba ya yawan yi, ya ƙi zama.

"Auta, kin ce kiret ne. To sababbi sun fi ƙarfina, kuma dillali ba zai kwashi ƙwai a hannu ba, dole ya zo da kiret ɗinsa. In shanya su a rana? In zuba farar ƙasa? Wanne zan yi?"

"Yi duka, Yaya. Ka hana shi shigowa ciki, ka karɓa a bakin ƙofa."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan. Yana kashe ta ko ba ya kashe ta?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba. Wurin da za mu gwada ke nan aka tsayar da mu."

Ya dube ta, ya ɗan yi murmushin da ba na daɗi ba. "Shekarun nan duka, Auta."

Ya yi duk abin da ta ce. Ya shanya kiret a kan rufi, ya barbaɗa farar ƙasa har gonar ta yi kamar an zubar da gari. Ko abin bai yi aiki ba ne, ko ta wata hanyar cutar ta shigo, babu wanda zai iya faɗa. Wata safiya ya buɗe ɗakin farko bai ji hayaniyar da ya saba ji ba. Kaji sun yi tsuru-tsuru, tukkayensu sun yi duhu, wasu sun kife a kan abincinsu.

Da Malama ta iso ta tarar da motar dillali a bakin gona, an jera kejuna a baya. Yau babu dariya. Yayanta ya ja ta gefe.

"Na ɗakin ƙarshe lafiyarsu ƙalau. Zai kwashe su yanzu ya kai kasuwa. Ko rabin kuɗinsu na samu, zan iya tashi. Ke dai ki koma gida, ba ki zo ba, ba ki gani ba."

"Yaya, suna ɗauke da ita. In suka shiga kasuwa, gonar kowa za ta kai. Masu fige su ma ba su tsira ba."

"Kowa haka yake yi."

"Na sani."

"Ni ne fa, Auta."

Hawaye yana zuba cikin takunkuminta, ta ce, "Don Allah ka yafe mini." Ta matsa gefe ta kira ofishin likitocin dabbobi. Dillali ya tofar da yawu, ya tayar da motarsa. Ba gida ya nufa ba. Gonar gaba ya shiga, inda mai ita ma kajinsa suka fara mutuwa, kuma shi ba shi da ƙanwa a cibiyar bincike. Kafin la'asar waɗancan kajin suna kasuwa.

Washegari ma'aikata suka zo cikin fararen kaya, suka kashe duk abin da ya rage a gonar yayanta, suka haƙa rami suka binne. Suka ce za a biya diyya. Samfurin da Malama ta ɗauka sai da aka tura shi wani ɗakin gwaji mai nisa, tunda nasu ya daina aiki, kuma kafin sakamako ya dawo ciyawa ta fito a kan ramin. Cutar ta share gonakin yankin kusan duka, na waɗanda suka sayar da na waɗanda ba su sayar ba. Bambancin kawai, waɗanda suka sayar sun samu abin sake farawa.

Yayanta bai zage ta ba, bai kuma hana ta gidansa ba. In ta je ta gaishe shi yakan amsa, ya tambayi yara da maigidan, daga nan ya juya ga rediyonsa. Matarsa ce ta taɓa cewa a gabanta, wai da sun sani da ɗinki aka koya mata. Diyya ba ta zo ba. Ya kama aikin jiran shagon wani mai sayar da abincin kaji, wanda a da shi ne ke zuwa gonarsa yana roƙon ciniki.

Bayan ɓarnar ta shiga labarai, aka ce wata tawaga za ta ziyarci cibiyar. Aka share harabar, aka yi fenti a bangon gaba, aka samo mai na yini ɗaya. Aka ce Malama ta sa farar riga ta zauna gaban akwatin gilas kamar tana aiki. Ta ce babu abin da za ta gwada. Aka ce ta zuba ruwa a kwalba, hoto ne kawai. Ta zauna tana ɗiga ruwan famfo daga wannan kwalba zuwa waccan, baƙi suna gyaɗa kai a bayan gilashin taga. Wata daga cikinsu ta tambaye ta me take bukata. Ta fara lissafawa, mai jagorantar tawagar ya duba agogo. Abin da ya biyo bayan ziyarar taron bita ne a wani otal, inda aka raba jaka da hula, aka kuma amince cewa akwai bukatar a binciki yadda cutar ke yaɗuwa tsakanin ƙananan gonaki.

Dakta ya samu aiki a wata ƙasa ya tafi. Kafin ya tafi ya gaya mata an sake buɗe neman tallafi, a kan irin aikinsu sak, amma sharaɗin shi ne ɗakin gwajin mai nema ya kasance yana aiki kuma kayansa suna da shaidar inganci. Nasu ba shi da ita, kuma ba za a samu kuɗin gyara shi ba sai an samu tallafin. Ta rubuta duk da haka. Ba a ko amsa ba.

Har yanzu tana zuwa aiki. Takan buɗe tagogi, ta goge teburi, ta zauna har lokacin tashi. Ritayarta ta kusa, kuma ba a ɗauki kowa da za ta koya wa aikin ba. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ta je gonar yayanta, don ta ji ya sayar da kwanon rufin ɗakunan kaji. Ta same shi a zaune a kan bulo, kafinta yana sama yana ɓamɓare ƙusoshi. Ta gaishe shi, ya matsa ya ba ta wuri. Suka zauna suna kallo ana sauke kwanon ɗaya bayan ɗaya ana jinginawa a bango. Da aka zo ɗakin ƙarshe ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce mata zai je ya buɗe shago, in sun gama ta ja ƙofar.