Ya Ce Ya Ji

Ranar da aka rantsar da mu muka zama lauyoyi, Mma ta taka rawa a tsakar gidanmu na unguwar Nima, a birnin Ankara, har ɗankwalinta ya faɗi. Ni kuwa na san da sauran rina a kaba. Baƙar riga da hular gashin nan ba su ne lasisi ba. Sai mutum ya yi wata shida yana koyon aiki a ƙarƙashin wani babban lauya, ya sa masa hannu, sannan a ba shi izinin tsayawa a kotu da ƙafarsa. In babu ofishin da ya ɗauke ka, kai da mai sayar da katin waya a Kawukudi duk ɗaya kuke, sai dai kai kana da hoto a bango.

Abokan karatuna tun kafin jarrabawa sun san inda za su. Wannan kawunta alƙali ne, wancan ubansa cocinsu ɗaya da mai ofis. Ni kawuna tela ne a Maamobi, ubana kuma har ya koma ga Allah gadin wani kantin taya yake a Tudu. Saboda haka na bi hanyar da malamanmu suka ce ita ce ta gaskiya. Na buga takardar neman gurbi, na haɗa da sakamakona, na zuba a ambulan, na shiga trotro, motar hayarmu ta cikin gari.

Na ga wulaƙanci kala-kala, wallahi. Akwai sakatariyar da ba ta ko ɗago kai ba, ta nuna mini wani kwali da leɓe, na leƙa na ga ambulan irin nawa sun kai wuya, ko ɗaya ba a buɗe ba. Akwai wadda ta dubi mayafina ta ce ai sun daɗe suna jira, ina waakyen da suka aika a kawo, wato shinkafa da waken nan da Hajiyoyin unguwarmu ke sayarwa. Wanda ya fi tsaya mini a wuya wani lauya ne mai tumbi da ya kira ni ganawa. Yana karanta adireshina ya kai kan Nima, sai ya ɗauke wayarsa daga tebur ya cusa a aljihu, ya fashe da dariya, wai wasa yake. Abin takaicin, ni ma na yi dariyar. Da na fito sai da na tsaya bakin titi na tofar da yawu.

Daga ranar na goge Nima na rubuta Kanda, unguwar masu hali. Titi ɗaya ne tsakaninsu, amma a takarda kamar ƙasa biyu ne. Mma ta ce mene ne laifin inda aka binne cibiyata, na ce mata cibiya ba ta sa hannu a lasisi. Watanni suna ta tafiya, ’yan ajinmu har sun fara ƙorafin yawan aiki, ni kuwa kullum ina zaune a ƙofar ɗaki maƙwabta na wucewa suna cewa, “Lauya, yau ma hutu ne?”

Ana nan sai wani ofis ya kira ni. Hawa na uku ne, ga sanyin na’ura har cikin ƙashi. Mai ofishin dattijo ne mai sanyin murya, irin wanda ke ja wa mutum kujera da kansa. Bai ko dubi makina ba, waɗanda na kusa makancewa a kansu. Ya tsallake zuwa can ƙasan shafi, inda na lissafa harsunan da nake ji.

“Hausa,” in ji shi. Sai ya juya harshe: “Sannu, yaya dai? Lafiya lau?” Ya ce yana yaro a Nima ake aikensa sayen nama, a nan ya tsinci ’yan kalmomi. Sannan ya tambaye ni da Turanci, Kanda ɗin nan ta gidajen gwamnati ce ko ta tsallaken titi. Na sunkuyar da kai na ce ta tsallaken titi. Maimakon ya ɓata fuska sai ya ce madalla. Da ina da hankali da na tuna ruwa ba ya tsami banza, amma yunwar gurbi ta toshe mini kai.

Ya ce shi ba ya yarda da surutun ganawa, gwaji yake yi. Akwai wani gidan gado a Maamobi da wani kamfani zai saya ya rushe ya gina shaguna. Magada matasa duk sun sa hannu, saura babban gida, tsohon da ba a sayar da gidan dangi sai da yardarsa. Tsohon bai yi boko ba. Doka kuwa ta ce wanda ba ya karatu sai an karanta masa takarda da harshensa, mai karantawar ya sa hannu a ƙasa cewa ya fahimta kafin ya dangwala yatsa. Suna ɗakin taro yanzu haka. In na yi aikin da kyau, Litinin in fara.

Tsohon na zaune a bakin kujera cikin farar riga da wanki ya cinye, ya bar takalmansa a ƙofa saboda ya ga darduma. An ajiye masa shayi bai taɓa ba. Kusa da shi ɗan ƙanensa ne, wanda ya kawo shi, yana ta kaɗa makullin mota. Na durƙusa na gaishe shi. Da ya ji Hausa sai fuskarsa ta saki.

“’Yar wa ce ke?”

Na faɗa masa. Ashe ya san Baba, sun daɗe suna sallar azahar sahu ɗaya a Tudu. Ya yi masa addu’a. Hausarsa cikakkiya ce ta mutanen Nijar, duk daɗewarsa a Ankara ba ta karye ba, ba irin tamu ta lungu ba wadda mace ma “ya zo” ake ce mata. Ni ma da tsawar Baba na gyara tawa.

Shafi biyar na karanta masa, kuma Allah ya sani ban ɓoye komai ba. Inda aka ce duk mazauna gidan za su tashi cikin wata uku, sau biyu na maimaita. Inda aka ce ba shi da ikon janyewa daga baya, na faɗa masa da Hausar da ko yaro zai gane. Yana saurare, idonsa a ƙasa, yana jan carbi. Da na kai ƙarshe sai ya ce, “To, ’yata. Na ji.”

Duk wanda aka haifa a zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, ya san wannan “na ji” ɗin. Ina aji shida na roƙi Baba in bi ’yan makaranta yawon buɗe ido bakin teku, ya ce “na ji,” na koma ɗaki na zazzage jakata. Babba a wajenmu ba ya cewa a’a a ɗakin mutane, an ba shi wurin zama an kawo masa shayi, balle a gaban ɗan da ya yi renonsa. Cewa yake ya ji, wato magana ta shiga kunne, zai koma gida, kuma ba za ku sake ganinsa ba. Da yarda ce, da cewa zai yi “na yarda,” ko “Allah ya sa alheri.”

Mai ofis ya yi murmushi. “Na ji,” ya maimaita da bakinsa na mai sayen nama. “Wannan kam na san ta. Ya fahimta ke nan, ko?”

Ni yake kallo. Ɗan ƙanen ma ni yake kallo, makullin ya daina ƙara. Shi ya san abin da tsohon ke nufi sarai, ai a gidan ya girma. Mai ofis kuwa har yau ban sani ba ko bai sani ba ne, ko ya fi mu duka sani. Na tuna kwalin ambulan ɗin nan, na tuna maƙwabta. Na buɗe baki na ce da Turanci, “Ya ce ya ji, ya fahimta.”

Ban yi ƙarya ba. Ko a gaban wane alƙali aka kai ni, fassarata daidai take, kuma wannan ne ya fi ba ni ƙyama a cikin lamarin.

Aka turo tawadar dangwale. Tsohon ya dube ta, ya dube ni.

“Wannan kuma ta mece ce, ’yata?”

Abin da ya kamata in ce bai fi numfashi ɗaya ba: Baba, in ka dangwala, gida ya tafi. Ba wanda zai hana ni, mai ofis ma ba zai gane ba sai ya ga tsoho ya miƙe yana neman takalmi. Amma na san in tsoho ya miƙe, ni ma na miƙe ke nan.

“Shaida ce cewa an karanta maka, Baba.”

“Ai kuwa an karanta,” in ji shi. Ya miƙo mini babban yatsansa. Ni na riƙe shi na taɓa a tawada, ni na mirgina shi a kan takarda yadda zai fito sosai. Sannan na ɗauki biro na rubuta sunana a ƙasa.

Mai ofis ya raka ni har bakin matakala. Ya ce irina suke nema tuntuni, mai natsuwa, mai jin bakin mutane, don akwai gidaje irin wannan da yawa a gaba. Litinin ƙarfe takwas. Na yi godiya har da ɗan russunawa, tir da ni.

A bakin get na tarar da tsohon shi kaɗai a inuwar bango, ɗan ƙanen ya je ɗauko mota. Na so in bi ta gefe, amma ya riga ya gan ni.

“Zo nan, ’yata,” ya ce. “Da na shiga ɗakin nan gabana faɗuwa yake yi. Da na ji bakinki sai hankalina ya kwanta. Yaron nan so yake ya sayar da gidan ubanmu, ga marayu a ciki, ga tsofaffi. Ni kuwa ba zan tsaya musu da shi a gaban baƙi ba. Mu je gida dai, zai ji amsata.”

Ko a lokacin da sauran dama, takardar tana sama, tawadar ma ba ta gama shanyewa ba. Na bar damar ta wuce.

“Zan gaya wa mutanen unguwa,” ya ci gaba, “yanzu muna da tamu a can sama, ba mai sake cutar mu da takarda.” Ya ɗaga hannuwa, yatsan nan shuɗi har yanzu, ya roƙa mini ɗaukaka, ya roƙa wa Baba rahama, ya ce Allah ya saka mini da irin abin da na yi masa.

Na shafa, na ce amin. Ranar Litinin tun bakwai da rabi ina bakin ofis.