Kwamfutar da Malam Sabo Ya Dawo da Ita Sau Uku

A duk shekarun da na yi ina haɗa kwamfuta a shagonmu na Birnin Kudu, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda Malam Sabo ya dawo mana da kwamfutarsa karo na uku, ɗaure a bayan babur kamar buhun gero.

Tsohon direba ne. Ciwon baya ya sauke shi daga mota, ya buɗe ɗakin gem a Sara, can Gwaram, inda samari ke biya su buga wasan bidiyo, da shi yake ciyar da gida. Tun farko akwatin gem ya zo saya, irin wanda ake jonawa da talabijin, ni da shegen bakina na juya masa ra'ayi. Na ce kwamfuta ta fi ɗaukar wasanni, in ta lalace kuma a nan za mu gyara. Ya yarda da ni.

To ita kwamfuta ba ta son a yanke mata wuta kwatsam, sai an rufe wasa an kashe ta a hankali, in ba haka ba sai ta rikice. Tasa ta rikice, samari har sun fara komawa wani ɗakin.

Na ce, "Baba, ai na gaya maka, a kashe ta tukuna, sannan janareto."

Ya ce, "Ɗana, in an kira sallah, kashe janareto ne kaɗai ke tashin samarin nan. In na tsaya lallaɓa na'ura, sai a idar suna cewa saura ƙiris."

Raina ya ɓaci, na fara ɗora masa laifi. Maigidana, Alhaji Ɗanjuma, ya ja ni gefe. "Ka sayar wa dattijo abin da sai ya sauya hali kafin ya yi masa aiki. Gyara ka kai masa da kanka, ka wuni a can, kada ka taɓa komai."

Na je. Ana kiran azahar ya miƙa hannu ya kashe janareto, samari suka ajiye abin bugawa suka nufi buta, babu mai gardama. Wallahi kunya ta kama ni.

Washegari na koma da ƙaramin batir. Na jona shi da kwamfutar kaɗai, ban da talabijin. Wuta na ɗaukewa allo zai yi baƙi, samari su tashi, ita kuma ta kashe kanta a hankali. Wuta na dawowa ta tashi kai tsaye cikin wasan ƙwallo, babu abin dannawa.

Da la'asar ya gwada. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Yanzu ka ba ni abin da na zo nema." Ɗakin bai rufe ba.

Allah ya saka wa mutanen nan biyu da alheri, su suka koya mini sana'ata. Ku da kuke tasowa, duk wanda ya zo sayen kwamfutar gem, kada ku fara tambayarsa wasan da yake so. Ku tambaye shi yadda yake kashe wuta.