Dutsen Iyakar Gonarmu

Kakata Inna Tumba 'yar Maradun ce, cikin duwatsu ta tashi. Aure ya kawo ta ƙauyenmu a ƙasar Bakura, inda za ka wuni kana noma fartanyarka ba ta taɓa ko tsakuwa ba, kuma har ta tsufa ba ta daina yi mana gorin haka ba. Bayan magariba mukan kewaye sauran wutar murhu, ta kwance wani tsumma nata. A ciki akwai jar marmara mai rududdugewa, da farar ƙanƙara ta ƙyasta wuta, da tama mai nauyi ta maƙera, da ɓallin baƙin dutse irin na niƙa. Sai ka rufe ido ka faɗi wanda ta ɗora maka a hannu. Ni ban taɓa ci ba, ta ce kaina ma laka ne.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta manomin da ya nemi mai shaidar iyakar gonarsa. Marmara ta ce damina kaɗan za ta narke. Ƙanƙara ta ce yara za su tsince ta. Baƙin dutse ne ya yarda a binne shi kamu biyu cikin ƙasa. Bayan rasuwar manomin, maƙwabci ya ci iyaka, 'ya'ya suka tona a gaban dattawa, dutse ya fito, magana ta ƙare.

"Haka kakanku ya yi," in ji ta. "Bisa jaki yad ɗauko huɗu daga garinmu. Ƙasag ga ba ta haihuwad dutsi, kowa yag gan shi ya san aje shi anka yi."

Na yarda da ita har cikin raina.

Da aikin dam ɗin Bakolori ya iso wajenmu, katafila ta baje gonaki, ta tuge itatuwa, ko'ina ya zama shimfiɗa ɗaya. Aka ce kowa ya zo ya nuna wurinsa. Babana ko a jikinsa, ya saɓi dagi ya tafi. Kwana tara yana tono kafin ya ci karo da dutse guda, ya rungumo shi ya kai wa wani ma'aikaci. Mutumin bai yi masa faɗa ba, hannu kawai ya ɗaga ya nuna masa filin. Tifa ta riga ta jibge irin wannan baƙin dutsen tuli-tuli don ginin hanyar ruwa, ya warwatsu a duk filin.

Gonar ba ta dawo hannunmu ba. Da Baba ya gaya wa Inna, sai ta ce, "To, wa za ya tambayad dutsi yanzu?"

Na girma ina jin haushin tatsuniyar, daga baya haushin ya koma baƙin ciki. Inna ba ta yi mana ƙarya ba, shaida dai ba ta da amfani in babu mai sauraronta. Bara ɗana ya ce in nuna masa gonar kakansa. Na tsaya a bakin hanyar ruwa na ɗaga hannu, ban san inda zan nuna ba.